Abincin gubar tururuwa mai harbi: ta yaya za a tabbatar ya kashe gida, ba ƙaura ta yi ba?

Mai Irin Albasa, Aliero:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Lokacin zuba irin albasa ya matso, manoman yankinmu kuma suna kuka da wata jar tururuwa mai harbi da ke tara ƙasa a gefen bedi, tana kwashe iri tun bai tsiro ba, tana hana yara cire ciyawa. Akwai magani mai kama da tsakin masara da ake cewa ita da kanta take ɗauka ta kai gida ta kashe sarauniya. Kafin ƙungiya ta sa kuɗinta, muna son mu gwada iri biyu ko uku. Yaya ake tsara gwajin da za a yarda da sakamakonsa?

Masanin Ƙwari, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin maganar magani, a fara sanin wace tururuwa ce, domin a nan yawancin gwaji ke lalacewa. Wannan tsakin an ƙirƙire shi ne saboda tururuwar wuta, Solenopsis invicta, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shiga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Mobile a jihar Alabama cikin shekarun 1930, aka gan ta a Brisbane ta Ostareliya a 2001, daga baya Taiwan da Sin. Tana da 'yar'uwa, Solenopsis geminata, wadda jiragen ruwa suka yaɗa a ƙasashe masu zafi, ita kuma gwanar kwasar iri ce. Ba kowace ja mai harbi ba ce ɗaya daga cikin biyun nan.

A kamo ashirin ko talatin a zuba cikin 'yar kwalba da sifirit na asibiti, a duba da gilashin ƙara girma. Tururuwar wuta tana da ƙulli biyu a ƙugu, tsakanin ƙirji da ciki. Ma'aikatan gida ɗaya ba girmansu ɗaya ba, daga milimita 2 zuwa 6. Idan ka soka kara a tudunta, nan take za su haye karan su nufo hannunka, harbinta kuma yakan bar ɗan ƙurji mai farin ruwa washegari. Cinnaka baƙi ne, ƙullinsa ɗaya. Tururuwar da ke jidar hatsi tana da hanya shararriya da tarin ƙaiƙayi a bakin rami. Kowacce da abincin da take so, tsakin maganin nan kuma da man waken soya aka jiƙa shi, ba zai yi komai ga wadda sukari take nema ba.

Malamin Gona, Argungu:
Dakta ya faɗi gaskiya. Kuma ko ba a samu wanda zai tantance sunanta ba, akwai gwajin da kowa zai iya yi da abin da ke madafinsa. A samu marafan kwalba huɗu: ɗaya da dakakken ƙuli-ƙuli, ɗaya da tsakin masara da aka ɗiga wa man waken soya, ɗaya da auduga jiƙe da ruwan sukari, ɗaya da garin busasshen kifi. A jera su kamu ɗaya tsakani, kamar taku biyu daga gidan, a dawo bayan minti 30 a ƙirga na kan kowane marfi. A yi haka a gidaje biyar aƙalla, a riƙa sauya jerin marafan don kada wanda ya fi kusa da rami ya riƙa cinyewa kullum. Idan ba su kula tsakin mai ba, kada ƙungiya ta sayi maganin nan ko da kyauta ake rabawa.

Mai Shagon Maganin Gona, Yauri:
Malamai, ku yi haƙuri da ni. Manomi abin da ya sani shi ne ya sa magani yau, gobe ya ga gawa. Fiya-fiya ko garin maganin ƙwari ka barbaɗa a kan gidan, kafin la'asar ƙasa ta yi baƙi da matattu. Wannan tsakin kuwa mutum ya sa, kwana uku yana ganinsu suna yawo, sai ya dawo shago ya ce an cuce shi. Me ya sa ba za a ƙara masa ƙarfi ba?

Masanin Ƙwari, Birnin Kebbi:
Jinkirin nan shi ne maganin, Alhaji. Waɗanda kake gani a waje kaɗan ne daga cikin gidan, kuma tsofaffi ne da kwanansu ya ƙare. Sarauniya da ƙwai da tsutsotsi, wato 'ya'yan tururuwar, suna can ƙasa. Ma'aikaciyar tururuwar wuta ba ta iya haɗiye abu mai tauri, akwai matata a bakinta. Man da ke jikin tsakin take tsotsewa ta ajiye a ciki, ta koma gida ta amayar wa 'yan'uwanta baki da baki, har ya kai ga tsutsotsi da sarauniya. Abu mai tauri kuwa manyan tsutsotsi ake kai wa su narkar. Idan gubar ta kashe mai ɗauko abinci a hanya, saƙo bai isa ba. Shi ya sa ake sa ta ƙanƙanuwa ƙwarai.

Duba alƙaluman da ke jikin irin waɗanda ake sayarwa a Amurka. Amdro yana da haidirametilnon kashi 0.73 cikin ɗari, yana toshe hanyar da jikin ƙwaro ke samar da kuzari, aikinsa yana bayyana cikin mako 2 zuwa 6. Advion yana da indoksakab kashi 0.045, wanda sai ya shiga cikin ƙwaron yake rikiɗa ya zama guba mai kama jijiya, yana nuna aiki cikin kwana 3 zuwa 14. Extinguish yana da metofirin kashi 0.5, shi ba ya kashe babba ko ɗaya, hana sarauniya samar da sababbin ma'aikata yake yi, gidan ya mutu da tsufa cikin wata biyu zuwa shida. Fiya-fiya kuwa warinsa ma korarsu yake yi. Za ka kashe dubu a sama, sauran su ɗauke sarauniya cikin dare su tare taku biyar gaba.

Mai Irin Albasa, Aliero:
To wannan ƙaurar ita ce damuwata. Idan gida ya yi shiru, ta ina za mu san mutuwa ya yi?

Malamin Gona, Argungu:
Shi ya sa ba gida ake ƙirgawa shi kaɗai ba, fili ake ƙirgawa. Tsarin da ya fi inganci: a yanka filaye mita 50 sau 50, wato rubu'in hekta kowanne. A kafa turke a tsakiya, a ɗaura igiya mai tsawon mita 18, mutum ya riƙe bakinta ya zagaya, sauran su bi igiyar suna ƙirga duk gidan da ke cikin da'irar. Da'irar nan kusan kashi ɗaya cikin goma na hekta ce, tana kuma barin mita 7 a kowane gefe, saboda tururuwar maƙwabcin fili kada ta shigo lissafi. Magani dukan filin ake watsawa, ƙirga a cikin da'ira kawai.

Kowane magani fili huɗu, sannan a bar fili huɗu ba a sa musu komai ba. Waɗannan na ƙarshen su ne ma'auni, idan babu su babu gwaji. Rabon filaye kada a yi shi da son rai. A ƙirga gidaje tukuna, a jera filayen daga mai yawa zuwa mai kaɗan, a kasa su rukuni-rukuni, a cikin kowane rukuni a jefa ƙuri'a da takarda a hula. In ba haka ba, za ka tarar an ba maganin da ake so filin da dama tururuwarsa kaɗan ce.

Adadin da akan rubuta a kwali shi ne laba 1 zuwa 1.5 a eka, wato kilo 1.1 zuwa 1.7 a hekta. Idan aka ɗauki kilo 1.5, fili ɗaya giram 375 ne. Ɗan kaɗan ne a ido, mai watsawa zai ga kamar bai sa komai ba ya ƙara, to kada ya ƙara. A auna a sikeli a ƙulla a leda tun daga gida, a raba biyu, a watsa rabi ana tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa. Kada a gauraya da taki ko yashi don ya yi auki, suna shanye man kuma taki yana ɓata ɗanɗanon.

Shugaban Manoman Rani, Bunza:
Malam, wannan lissafin naka na gonar gwamnati ne. Magani uku da filin ma'auni, fili huɗu-huɗu, fili 16 ke nan, hekta 4. Wane manomin albasa ne ke da hekta huɗu a haɗe da zai bayar a yi ta kafa turaku? Namu fangali-fangali ne, kowa da ɗan abinsa.

Malamin Gona, Argungu:
Haka ne Shugaba. Akwai ƙaramin tsari, sai dai shaidarsa ba ta kai ta farko ba. A zaɓi gidaje 40 masu rai, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa mita 10 ko fiye, a kafa fegi mai lamba a gefen kowanne. Goma-goma ga kowane magani, goma a bar su, rabon kuma da ƙuri'a. A barbaɗa abin da kwali ya ce, yawanci cokalin cin abinci 2 zuwa 5, a zagaye gidan daga taku ɗaya zuwa mita ɗaya. Ba a kan tudun ba, domin hanyoyin fitarsu neman abinci a ƙarƙashin ƙasa suke bi su ɓullo nesa da tudun, abin da ya faɗo a kansa kuwa shara suke ɗaukarsa. Kuma kada a taɓa gidan dab da sa maganin. Ranar dubawa, a zagaya mita 3 zuwa 5 kewaye da fegin. Duk sabon tudun da ya fito a nan, a rubuta gidan yana raye.

Ɗalibar Aikin Gona, Aliero:
Malamai, ina da tambaya. Idan metofirin ba ya kashe manya, ai wata guda bayan an sa za a tarar gidan cike. Ke nan a takarda za a rubuta bai yi aiki ba alhali yana yi?

Masanin Ƙwari, Birnin Kebbi:
Madalla da wannan tambaya, 'yata. Saboda haka ne masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka suka fito da awon yawan jama'ar gida a farkon shekarun 1980. Ana buɗe tudun da shebur a kimanta ma'aikata a mataki biyar: ƙasa da 100, zuwa 1,000, zuwa 10,000, zuwa 50,000, da sama da haka. Sannan a duba ko akwai 'ya'yan ma'aikata, fararen nan ƙanana masu kama da ɓarzajjiyar shinkafa. Gidan da babu su maki 1 zuwa 5 yake samu gwargwadon girmansa. Wanda yake da su ana ninka makin sau biyar, 5 zuwa 25. Gida cike da manya amma babu ƙananan 'ya'ya, sarauniyarsa ta daina aiki, mutuwa ce ke tafe. A gidan da ya ci metofirin za ki ga 'ya'yan da suka rage manya-manya ne, irin masu zama masu fiffike, ƙananan sun ɓace. Wannan ce alamar farko, tana fitowa tun kafin yawansu ya ragu.

Sai dai shebur yana sa gida ƙaura, don haka kada a yawaita. A duba kafin sawa, sannan mako 1, 2, 4, 8 da 12. A makonnin farko a soka siririn kara kawai a ƙirga zuwa goma sha biyar, in sun tuttuɗo gida na raye. Buɗewa da shebur a bar shi sai mako na 4 da na 8 da na 12, kuma duk abin da aka yi wa filin magani a yi wa filin ma'auni.

Ɗalibar Aikin Gona, Aliero:
Na gode Baba. Lissafin ƙarshe fa?

Masanin Ƙwari, Birnin Kebbi:
Da ƙa'idar Henderson da Tilton ta 1955 ake yinsa, wadda ke gyara lissafin da abin da ya faru a filin ma'auni. A ce filin magani yana da gida 20 kafin a sa, ya koma 6. Mai gaggawa zai ce an kashe kashi 70 cikin ɗari. Amma a ce filin da ba a sa wa komai ba shi ma ya sauko daga 18 zuwa 12, saboda zafi ko bushewar ƙasa. Sai ki ninka 6 da 18, 108. Ki ninka 20 da 12, 240. Raba 108 da 240, 0.45. Cire shi daga 1, saura 0.55. Aikin maganin kashi 55 ne, sauran na yanayi ne. A ƙasarmu wannan gyaran ba ƙaramin abu ba ne, domin daga Maris zuwa Mayu tururuwa kan nutse ƙasa neman danshi, tudu ya baje, ka rantse babu kowa, ruwan farko ya sauka su fito gaba ɗaya.

Malamin Gona, Argungu:
A kan zafin nan zan tsaya, don shi ne ya fi kayar da maganin a wurinmu. Binciken da aka yi a Fulorida ya nuna tururuwar wuta ta fi fita neman abinci idan zafin ƙasa, a zurfin santimita 2, yana tsakanin digiri 22 da 36. A bazarar Kebbi iska kanta tana haura 40, ƙasa kuwa ta fi haka nesa. Wanda ya watsa da hantsi ya bar tsakin a rana har yamma, man ya soye, haidirametilnon kuma hasken rana yana lalata shi da sauri. A bazara sai bayan la'asar sakaliya, dab da magariba. A hunturu kuma akasin haka, da sassafe ƙasa ta yi sanyi ba sa fita, a jira hantsi ya ɗaga. Ba sai da ma'aunin zafi ba: a ajiye ɗan ƙuli-ƙuli a ƙasa, in cikin minti 20 zuwa 30 sun rufe shi, a watsa. In ba su zo ba a mayar da leda gida.

Ruwa shi ne na biyu. Tsakin da ya jiƙe ba sa ɗauka. Kada a sa a kan raɓa, kada a sa ana hadari, kada a yi ban ruwa sai bayan kwana ɗaya. Mai bedin albasa ya ba da ruwa da safe, ya bari saman kunya ya bushe, ya sa da yamma a kan kunyoyi da gefen hanyar ruwa, ya tsallake ban ruwan washegari da safe. Filin fadamar da ambaliya ke shiga kuwa kada a saka shi cikin gwaji sam, ruwa yana tayar da gidaje ya kai su wani wuri.

Idan rani ya hana ganin tudu, a koma ƙirga da abinci: 'yan kwalabe goma a kowane fili, kowacce da ƙuli-ƙuli daidai wa daida, a kwantar a ƙasa, bayan minti 45 a rufe a ƙirga. Lokaci ɗaya na yini a kowane zagaye.

Mai Shagon Maganin Gona, Yauri:
Na karɓi maganar jinkiri. To amma irin wannan ba kullum ake samunsa a kasuwa ba, in an samu ma da tsada. Tunda ƙuli-ƙuli suke so, me zai hana a daka shi a ɗiga masa fifronil na feshin shinkafa? Ga shi nan a kowane shago.

Hajiya Mai Kiwon Kaji, Jega:
Alhaji don Allah kada a koya wa mutane wannan. Ƙuli-ƙuli abincin yara ne. Yaro ya gan shi a gefen gona ba zai tambayi kowa ba. Kaji da zabi kuma tsaki ne abincinsu, fifronil yana da mugun lahani ga tsuntsaye dangin su fakara, yana kashe ƙudan zuma da halittun ruwa. Garuruwanmu na bakin gulbi da kamun kifi suke ci.

Masanin Ƙwari, Birnin Kebbi:
Hajiya ta gama magana, ga kuma dalilin sana'a. Abincin tururuwa na fifronil da aka yi a masana'anta kashi 0.00015 cikin ɗari ne, wato miligiram ɗaya da rabi a kilo guda. Babu sikelin kasuwa da zai auna wannan. Ɗigo kaɗan na ruwan feshi ya ninka shi sau da yawa, ga warin sinadarin da aka narkar da shi. Sakamako biyu ne: ko su ƙi ci, ko su mutu a bakin rami. Ka saka yara da kaji a haɗari, sarauniya tana nan lafiya. Duk abin da za a gwada ya kasance mai lambar rajistar NAFDAC, a kuma karanta ko an yarda a sa shi a gonar abinci, domin ba dukansu ba ne.

Haɗin gida ɗaya da zan yarda a saka cikin gwaji shi ne na borik asid, wani farin garin sinadari, ga tururuwar da ta zaɓi sukari a gwajin marafai. Giram 10 a lita ɗaya ta ruwa, da sukari giram 100 zuwa 200. Kada a wuce haka, in ya yi yawa gudunsa suke yi. A zuba a roba mai marfi da auduga a ciki, a huda ramuka ƙanana a sama, a binne rabinta a inuwa, a sabunta duk bayan kwana uku ko huɗu har makonni. Kada a zubar da ragowar a bedi, yawan sinadarin boron da ke cikinsa yana ƙona shuka.

Hajiya Mai Kiwon Kaji, Jega:
Ko na masana'antar, idan za a zagaye gida da cokali biyar kusa da inda kaji ke kiwo, a kulle su har tururuwa ta kwashe, yawanci zuwa washegari. Ko a zuba a gorar ruwa ta roba da aka huda wa ramuka da ƙusa mai zafi, a danne da dutse. Kuma mai shago, ajiya tana hannunku. Man waken soya yana yin ɗoyi a zafi. Robar da aka buɗe ta kwana watanni a shago mai rufin kwano ta tashi aiki. A shinshina, in warin tsohon mai ya fito a bar shi. Kada kuma a jera shi kusa da fetur ko maganin feshi, yana ɗaukar wari.

Mai Lambun Mangwaro, Zuru:
Abu ɗaya ba a taɓo ba. Ba kowace tururuwa ce abokiyar gaba ba. Jajayen nan da ke ɗinke ganyen mangwaro su yi gida a sama suna cizo, amma suna korar ƙudan da ke sa tsutsa a 'ya'yan itace. Wasu na ƙasa kuma gara suke ci. A Amurka an yi shekaru ana watsa wani maganin ƙwari mai suna mireks da jiragen sama daga 1962 har aka hana shi a 1978, ya kashe tururuwan ƙasar tare da baƙuwar, wato tururuwar wuta, baƙuwar kuma ta riga kowa dawowa. Ina roƙo a cikin kwalaben ƙirga a riƙa rubuta sauran ire-iren da suka shiga, kafin da bayan magani. Kuma inda gidajen ba su da yawa, a bi su ɗaya-ɗaya, kada a watsa wa dukan fili.

Mai Irin Albasa, Aliero:
Allah ya saka da alheri. Abin da za mu iya shi ne tsarin gidaje 40. Tambaya ta ƙarshe: iri zai shiga ƙasa nan da mako uku, wanne za mu sa ran ya kare bedin bana?

Malamin Gona, Argungu:
A mako uku indoksakab ne kawai za a iya dogara da shi, haidirametilnon yana kan gaɓa, metofirin na kakar gaba ne, amma a bar shi cikin gwajin har mako 12 don a ga ƙarshensa. Gidajen da ke manne da bedi kada a saka su cikin arba'in ɗin. Su a sa musu mai saurin yanzu, bayan mako ɗaya duk wanda ya rage a kwarara masa tafasasshen ruwa kamar lita 11 da sanyin safiya, lokacin da 'ya'yan ke kusa da sama. Yana kashe wajen shida cikin goma, yana kuma ƙona duk tsiron da ya taɓa, don haka kafin zuba iri. Gwajin marafai a yi shi gobe da yamma, ku turo hoton marafan da na tururuwar da ke cikin sifirit, a ɗauke ta daga gefe yadda ƙugun zai fito.